Ranar da Auta Ya Daina Kuka

"Matso da fitilar kaɗan, Injiniya. Fuskarsa ba ta fito ba."

Ta matso da ita. Aikinta ke nan a gidan wata huɗu cur, tun ranar da Babansu ya dawo daga ofishin ruwa inda yake aikin rubuta takardu, ya ajiye jaka, ya ce ya gano abin da aka halicce shi ya yi a duniya: koya wa iyaye maza yadda ake gina yaro mai juriya. Ya buɗe shafi a intanet, ya raɗa wa kansa suna Koci. Ita kuwa, 'yarsa ta fari mai shekara goma sha bakwai, ita ta san kan waya, shi ya sa yake kiranta Injiniya. Ita ke ɗaukar bidiyo, ita ke yanke inda bai yi kyau ba, ita ke ɗorawa. Da farko sunan har daɗi yake yi mata.

A kan kujerar falo ƙaninta Auta ne zaune, ɗan shekara goma, da littafin karatu a cinya. Auta yana da i'ina tun yana ƙarami. Idan hankalinsa a kwance yake, ba ka ma lura sosai. Idan aka zuba masa ido, harshensa sai ya ƙulle.

"Iyaye, ku duba da kyau," in ji Koci, yana murmushi wa wayar. "Minti ɗaya zan ba shi. Duniya ba ta jiran kowa, ni ma ba zan jira shi ba. Fara."

"Wa-wa-wa-wata ra..."

"Wata rana. Wuce."

"Ba-ba-ba..."

"Ka ji shi ko? Kamar janareto ya ƙi tashi." Ya yi dariya, ya dubi wayar. "Kada ku ji tausayi. Tausayin nan shi ya lalata mana yara."

Hawaye suka zubo wa Auta a kan shafin. Koci ya yi wa Injiniya alama da yatsa ta matso da hoton kusa. Ta matso. Daga baranda ana jin keken ɗinkin Mama, wadda take ɗinka wa matan unguwa kaya. Duk lokacin da aka fara ɗauka, ƙarar keken sai ta ƙaru.

Bidiyon nan ya yi farin jini fiye da duk na baya. Kafin sati ya zagayo ya isa makarantar su Auta. Yaran da iyayensu suka kalla suna dariya, su ma suka kalla. Ranar Laraba Auta ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya, an rubuta masa "janareto" da alli a bayan riga. Injiniya ta kai shi bayan gida ta goge rigar da jiƙaƙƙen tsumma, shi kuwa sai kallon ƙasa.

Malamar ajinsu ta zo har gida da yammacin Juma'a. Mace ce mai sanyin murya, ta zauna a bakin kujera kamar mai shirin tashi.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ya daina ɗaga hannu a aji. Lokacin tara ma ba ya fita. Da za ka sauke bidiyon nan, da an samu sauƙi."

"Malama, 'ya'yanki nawa?"

"Ban haihu ba tukuna."

"To, kin gani." Ya gyara zama. "Yaran da ke tsokanarsa aiki suke yi mini kyauta. Gara ya sha a hannunsu yanzu da ya sha a hannun duniya gobe. Ni ubana ko kallon arziki bai taɓa yi mini ba, ga ni nan, me ya same ni?"

Malamar ta dubi Mama da ke tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "Ubansa ne, ya fi mu sanin abin da yake yi."

A sati na gaba Auta ya fara fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara uku. Da safe Koci ya taɓa katifar, ya jinjina kai kamar wanda ya tsinci abu mai daraja. Ya sa yaron ya ɗauki katifar a ka, ya fita da ita bakin titi, ya jingina ta da katanga, ya tsaya kusa da ita daidai lokacin da yaran layin ke wucewa makaranta. Injiniya ta ɗauka. Da yamma ta ce masa bidiyon ya lalace, wayar ta ƙi buɗe shi. Ƙaryar farko ke nan da ta taɓa yi masa. Bai ko ɗaga murya ba.

"Ba komai. Ai gobe ma zai yi."

Ya kuwa yi. Aka sake ɗauka, Koci ya tsaya a kanta har ta ɗora.

Ta je wurin Baffa, yayan Babansu, a shagonsa na kayan lantarki. Ta zayyana masa komai tana haɗiye kuka. Baffa yana kwance bayan wata fanka, bai ɗago ba.

"Ke ma dai da neman magana. Dukansa yake yi?"

"A'a, Baffa, amma..."

"To, ina laifin? Mu da aka yi mana da wayar wuta fa? Ubanku ɗan boko ne, da baki kawai yake yi. Ku gode wa Allah. Miƙo mini sukudirebar nan."

Ta miƙa masa, ta tafi.

Abu ɗaya ya rage wa Auta a gidan: zomonsa, fari mai baƙin kunne ɗaya, da yake ajiye a keji bayan kicin. Kullum ya dawo makaranta can yake wucewa da ɓawon karas da ganye. Wata rana Koci ya zagaya bayan gida duba tankin ruwa, ya ji murya. Ya tsaya. Auta ne yake ba zomon labarin abin da aka koya musu game da taurari, tiryan-tiryan, babu ko tuntuɓe ɗaya a harshensa.

Koci ya shigo falo idonsa yana ƙyalli.

"Kun ji munafuki? Da zomo bakinsa garau, da ubansa sai ba-ba-ba. Ashe shagwaɓa ce. To, na gano maganin."

Ranar Asabar da hantsi ya kira wani mai sayar da dabbobi ya zo da kwando a bayan babur. Aka kafa waya a tsakar gida. Koci ya yi bayani cewa darasin yau shi ne rashi, kuma yaron da bai san rashi ba ba zai yi ƙarko ba. Ya buɗe kejin, ya kamo zomon ta kunnuwa, ya miƙa wa mutumin. Mutumin ya sa a kwando, ya tura babur ya fita.

Auta ya tsaya ƙiƙam. Bai yi kuka ba, bai motsa ba, ko ƙifta ido bai yi ba.

Koci ya jira. Ya dubi yaron, ya dubi wayar, ya ja tsaki.

"Wannan ba zai yi ba. Mutane suna so su ga kukan tukuna, sannan su ga yadda na tsayar da shi. Kira mini mutumin nan ya dawo."

Injiniya ta buɗe baki, ya watsa mata harara. Ya leƙa da kansa ya kira mai babur. Ya ciro zomon daga kwando, ya durƙusa a gaban Auta, ya sassauta murya irin yadda bai taɓa yi masa ba.

"Ungo abinka. Wasa nake yi maka, na fasa. Ni zan raba ka da abokinka? Rungume shi."

Auta ya dubi fuskar ubansa ya daɗe, yana neman inda tarkon yake. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Ya cusa fuskarsa cikin gashin zomon, kafaɗunsa suka saki, har ya ce, "Na-na gode, Baba."

Koci ya ƙirga da yatsu a bayansa, ɗaya, biyu, uku, ya waiwayo ya tambayi Injiniya da ido ko tana ɗauka. Sannan ya fizge zomon.

Ihun da Auta ya yi, har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga. Ya bi babur ɗin da gudu ba takalmi har bakin kwalta, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Keken Mama ya tsaya cak a baranda, amma ba ta fito ba. Koci ya ɗauko yaron, ya zaunar da shi, ya dafa kafaɗarsa a gaban waya, ya ce, "Ɗana, namiji ba ya riƙe abin da ya tafi. Share hawayenka." Ya juya ga Injiniya. "Ki yanke tsakiyar nan. Daga ɗaukar farko ki haɗa da kukan."

Ta yanke kamar yadda ya ce. Amma ba ta goge na asalin ba. A ranar wani abu ya daskare a ƙirjinta, kuma ba ta yi ƙoƙarin narkar da shi ba.

Daga ranar Auta ya daina kuka. Ya kuma daina magana. Ba da Baba kaɗai ba, da kowa. Idan aka kira shi ya zo, idan aka ba shi abinci ya tsakura, idan aka ce ya karanta ya zuba wa shafin ido har minti ɗayan ya cika. Ƙasusuwan wuyansa suka fito. Ya koma cizon gefen babban yatsansa har ya yi ciwo. Wani lokaci Injiniya takan same shi a tsugune gaban kejin da babu komai a ciki.

Koci kuwa ya ce nasara ce. Ya yi sabon bidiyo, ya zaunar da yaron, ya daka masa tsawa a kunne, Auta ko gezau. "Kun gani? Wata biyar da suka wuce da tuni ya jiƙa riga. Yanzu dutse ne." Mutane suka yi ta yabo a ƙasan bidiyon, wasu suna tambaya ko zai karɓi nasu 'ya'yan. Mace ɗaya ce kawai ta rubuta cewa wannan ba tarbiyya ba ce, yaron nan a karye yake. Koci ya karanta a falo, wayar ɗaukar hoto tana kan sandarta ba a kashe ba. Ya yi jifa da kofin shayi ya tarwatse a bango. Ya yi ta zarya yana cewa, "Ni? Ni za a gaya wa haka? Wace ce ita?" Ya ƙi cin abinci yini guda, Mama tana bin sa da ban haƙuri kamar jariri. Injiniya ta share fasassun kofin, ta adana wannan ma.

Sai ga takarda daga makarantar su Auta. Ƙungiyar iyaye da malamai ta gayyaci Koci ya yi jawabi ranar Asabar da ƙarfe goma, a babban ɗakin taro. Malamar ajin ta nuna rashin yarda, shugaban makaranta ya ce mutumin ya yi suna, zai jawo jama'a. Koci ya ba Mama sabon yadi ta ɗinka masa riga. Ya ce wa Injiniya ta haɗa masa bidiyo na minti uku mai nuna tafiyar Auta daga rago zuwa jarumi, wanda za a haska a majigi.

"To, Baba," ta ce. "Zan haɗa maka wanda ba za a manta da shi ba."

Kwana huɗu tana aiki a kansa bayan ta dawo makaranta. Ba ta jin tsoro, abin ma har ya ba ta mamaki. Abin da take ji ya fi kama da yunwa. Tana son ta ga fuskarsa lokacin da ɗaki cike da mutane zai zuba masa ido harshensa ya ƙulle. Abu ɗaya ne ya tsaya mata: duk wanda zai kalli Baba, zai kalli Auta. Ranar Alhamis ta same shi a bayan kicin, ta tsuguna kusa da shi, ta gaya masa abin da take shirin yi, ba ta ɓoye komai ba.

"Idan ba ka so, wallahi na bari. Ni ma da hannuna aka yi maka duk abin nan. Ba zan sake nuna ka ba sai ka yarda."

Ya ciro fensir daga aljihu, ya rubuta a jikin katakon kejin: Ban da fuskata.

Ta rufe fuskarsa a kowane hoto da baƙin tabo. Ta bar ta Baba fes.

Ranar Asabar ɗakin taron ya cika har ana tsayuwa a bayan kujeru. Mama da Baffa suna layin gaba. Tun a bakin ƙofa Injiniya ta damƙa hannun Auta a na malamarsu, ta ce ta tafi da shi ɗakin karatu, kada ta bari ya fito. Malamar ta dube ta, ba ta tambayi dalili ba. Ita kuwa ta wuce can ƙarshen ɗaki, inda aka ajiye kwamfuta da wayoyin lasifika.

Koci ya yi minti ashirin yana magana, kuma ya iya magana. Ya ce yaran yanzu kamar ƙwai suke, ya ce waya ta lalata su, ya ce uba na gari shi ne wanda ɗansa zai tsane shi yau ya gode masa gobe. Aka yi ta tafi. Sannan ya ɗaga hannu.

"Injiniya, haska mana."

Ta danna.

Tsakar gidansu ta bayyana a jikin allo. Muryarsa ta cika ɗakin: "Wannan ba zai yi ba. Mutane suna so su ga kukan tukuna." Murmushin da ke fuskarsa a kan dandamali bai gushe nan take ba, sai da ya ga kansa durƙushe yana cewa, "Wasa nake yi maka, na fasa."

"Kashe," ya ce a makirfo. "Kuskure ne. Injiniya, kashe!"

Ta ƙara murya.

Mutane suka ji ƙaramar murya tana cewa, "Na-na gode, Baba." Suka ga yatsu uku suna ƙirgawa a bayan riga. Suka ga hannu ya fizge. Ihun Auta ya fito ta lasifika huɗu, wata mata a tsakiya ta toshe kunnuwanta tana salati. Koci ya diro daga dandamali ya nufo bayan ɗaki, amma hanyar a cunkushe take, kuma babu wanda ya yi saurin matsa masa. Kafin ya kai rabi, allon ya nuna shi yana jifa da kofi, yana zarya, yana cewa "Ni? Ni?" saboda layi ɗaya da wata baƙuwa ta rubuta. Wani a baya ya fashe da dariya, ya yi sauri ya haɗiye. Sai allon ya yi baƙi.

Koci ya tsaya a tsakiyar hanya, gumi ya jiƙa sabuwar rigar. Ya ɗaga makirfon.

"Ja-jama'a, wannan haɗi ne. Kun san yaran zamani da waya, babu abin da ba sa iya... ba haka aka... ni ban..."

"Haka aka yi."

Mama ce. Ta miƙe a layin gaba, tana riƙe da bayan kujera.

"Ina wurin. Ina bakin kekena ina ji, ban fito ba. Haka aka yi, babu abin da yarinyar nan ta ƙara."

Baffa ya sulale ta ƙofar gefe. Mutane suka fara tashi, ba hayaniya, suna kauce wa Koci kamar mai cuta. Injiniya ta naɗe wayoyinta a tsanake. Ta kalli fuskarsa son ranta, kuma abin ya yi mata daɗi yadda ta zata, har ya fi.

A gida ya rufe ƙofar falo ya yi ta zuba. Ya ce ya ciyar da ita, ya tufatar da ita, ya yarda da ita, ta tozarta shi a idon duniya. Ya ce yanzu da wane ido zai shiga ofis, bayan rabin ɗakin sun ɗauka a wayoyinsu. Idonsa ya cika da ruwa. Ta bari ya gama.

"Ai juriya za ka yi, Baba," ta ce. "Minti uku ne kawai. Shi wata biyar ya yi."

Ya ɗaga hannu. Mama ta shiga tsakani, ta ce idan hannun nan ya sauka, yau za ta kwashe 'ya'yanta, kuma da bakinta za ta gaya wa duk wanda ya tambaya dalili. Hannun ya daɗe a sama kafin ya koma gefensa.

Waɗanda suka yi ta yabonsa a intanet su ne suka fi kowa zaginsa a satin. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tuna cewa ya kalli yaro ɗan shekara goma tsaye kusa da jiƙaƙƙiyar katifa, ya yi dariya, ya tura wa abokansa. Shugaban makaranta ya ce shi da ma tun farko hankalinsa bai kwanta ba. Baffa ya ce ai ya sha ja wa ƙaninsa kunne. Mama kaɗai ce ba ta nemi wanke kanta ba. Ranar Litinin ta rufe keke, ta kama hannun Auta ta kai shi asibiti wurin likitar yara, wadda ta ce abin zai ɗauki lokaci, kuma kada kowa ya matsa masa ya yi magana.

Ranar Laraba da yamma Koci ya fito daga ɗaki, bai yi aski ba. Ya kafa wayar Injiniya da kansa a falo, a karkace, don bai san yadda ake ɗaure ta ba, kuma Injiniya ta zauna tana kallonsa ba ta taya ba. Ya ce zai yi bidiyon neman afuwa. Ya ce idan mutane suka ga yaron a gefensa, suka ga sun rungumi juna, ƙurar za ta lafa.

"Auta, zo ka zauna nan. Ba karatu za ka yi ba. Murmushi kawai, sai ka ɗaga kai idan na tambaye ka ko ka yafe mini. Zan sayo maka zomo biyu."

Auta yana tsaye a bakin ƙofar kicin. Bai matso ba. Leɓɓansa suka fara motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ba... ba-ba... ba..."

Koci ya buɗe baki zai ƙarasa masa. Mama ta ce, "Bar shi." Ya rufe.

Auta ya runtse ido, ya dunƙule hannu, ya sake ɗaukowa daga farko.

"Ba-ba za-zan zauna ba."

Sati uku ke nan rabon da a ji muryarsa a gidan. Ya juya ya fita tsakar gida, Mama ta bi bayansa tana goge ido da gefen mayafi. Injiniya ta tashi, ta kwance wayarta daga jikin sandar, ta sa a aljihu, ta bar ubanta zaune shi kaɗai a kujera mai cin mutum biyu.